Kai Mai Doki, Ga Dokokin Filin Sukuwa da na Hawa

Yau maganarmu da mai doki ce, da yaron da ke hau masa, da kuma dattawan da ake ba riƙon fili ranar sukuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kai mai doki, kai ka san abin da ka kashe kafin dokinka ya yi kyan gani: geron da ka ɗebo daga rumbu, harawar da ka ɗora bisa itace tun kaka, dusa, kanwa, da ruwan da ɗiyanka ke jawowa safe da marece. Wahalar shekara guda ke nan, amma minti biyar na ganganci a fili sun isa su rushe ta. Doki ya karye, ko zafi ya kayar da shi, ko ya take ɗan wani, ko kuwa a watse da faɗa tsakanin gari da gari, a yi shekaru ana gaba. In ka bi sawun irin wannan hasara, sau da yawa za ka tarar doka ce ba a faɗa ba tun kafin a hau, ko an faɗa aka ƙi ji.

Doka a wurin taron dawaki ba baƙuwa ba ce gare mu. Dubi hawan Salla a Damagaram, ko a Maraɗi, ko Tsibirin Gobir, ko Doso inda ake fitowa da lifidi. Kowane basarake da jama'arsa sun san wurinsu cikin jere, ba mai shiga gaban na gaba da shi, kuma ba a kai jahi sai an ba da hanya. Wannan tsari ne ya ba hawa kwarjininsa, har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. A ƙasashen waje kuma akwai babbar ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, mazauninta yana Lozan ta ƙasar Suwis. Dokarta ta farko ita ce lafiyar doki tana gaba da kome, gaba da kyauta, gaba da kuɗi, gaba da sunan mai shi. Ba mu ce a kwaso dokokinsu duka a jibge a filin ƙauye ba, don ba mu da na'urorinsu. Amma akwai da yawa cikinsu da ba su bukatar ko dala, sai ido da gaskiya.

Tun daga turke

Dokar fili tana somawa ne a gidanka. Kwana biyu kafin tafiya, ka kwance dokin, ka sa yaro ya ja shi da sassarfa bisa ƙasa mai tauri, kai kuwa ka tsaya kana kallo ta gaba da ta baya. In yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar ce ke ciwo. Doki mai ɗingishi ba ya shiga tsere, ko da ɗingishin kaɗan ne. Ka shafa bayansa inda sirdi ke zama da inda majayi ke bi. Miki ko kumburi a nan, a bar shi gida. Jalala mai ado tana ɓoye miki ga idon jama'a, ba ta rage wa doki zafinsa.

Ka koyi ƙidayar bugun zuciyarsa. Sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi, za ka ji jijiya tana harbawa. Ka ƙidaya na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana buga 28 zuwa 44 a minti. Zafin jikinsa kuwa digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi ne. In ya wuce haka alhali bai yi aiki ba, likitan dabbobi ya kamata ya gan shi, ba alƙalin sukuwa ba.

Shekaru kuma a baki ake karanta su. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Ƙashin bayan doki shi ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Saboda haka wanda ya ɗora wa duƙushi ƙaton mutum da sirdi mai nauyi ya zuba shi cikin manya, ya ci amfanin dokinsa tun bai nuna ba. Masana suna ba da shawara kada nauyin mahayi da kayan hawa gaba ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Doki mai kilo 300, kilo 60 ke nan, har da sirdi. Goɗiya mai tsohon ciki, ko wadda ɗanta ke tsotso, ita ma ba ta da aiki a fili.

Sai maganar tari da majina. Ba ku manta da murar da ta taso a ƙarshen 2018 ta ratsa 2019 ba, wadda ta bi Nijeriya da Nijar har Senegal, ta kashe jakuna dubbai, ta kwantar da dawaki. Wannan ciwo ta iska yake tafiya, da ta kwamin shan ruwa, da ragama, da hannun mutum. Kwana ɗaya zuwa uku sun ishe shi ya bayyana. Doki guda mai tari ya kwana cikin taro, gobe kowa ya koma garinsu da tsaraba. Don haka ne a wasannin FEI ba a karɓar dokin da takardarsa ba ta nuna an yi masa allurar rigakafin mura ba. Kai ma in dokinka na tari, zamanka gida shi ne gudummawarka ga taron. In kuwa lafiyarsa lau, ka tafi da bokitinka da ragamarka, kada ka ara, kada ka ba da aro.

Zafi

A nan za mu ɗan daɗe, don shi ne babban haɗarin waɗannan shekaru. Watannin Musulunci suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Salla ta faɗo ƙarshen Maris, Sallar layya kuwa farkon Yuni. Wato hawa biyu mafi girma sun zo cikin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram da Yamai. Ga doki ya sha ado tun daga goshi har gindi, wani ma da lifidi, yana tsaye cikin rana tun hantsi yana jiran fitowar sarki.

Doki mai aiki cikin irin wannan zafi yana iya zubar da gumi litir 10 zuwa 15 cikin awa guda. Ko ranar da bai yi kome ba yana shan litir 25 zuwa 50. To, kai da ka hana masa ruwa tun daren jiya wai don cikinsa ya ɗame ya yi sauri, me ka bar masa da zai yi gumi da shi? Wannan al'ada ta hana ruwa, a bar ta. Abin da ake ɗagawa shi ne hatsi: kada a cika masa ciki da gero sa'o'i uku ko huɗu kafin gudu. Ƴar harawa da ruwa kuwa ba su hana shi kome.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane, wai in ka zuba wa doki mai zafin jiki ruwan sanyi zai sandare. An bincika wannan sosai kafin wasannin Olimfik na Atlanta a Amurka, a 1996, inda aka ji tsoron zafi zai kashe dawaki. Abin da aka gano shi ne ruwan sanyi mai yawa shi ke ceton su. Da ka sauka, ka cire sirdi da kayan ado duka, ka kai shi inuwa, ka yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da baya da ƙafafu, kana ɗan zagayawa da shi. Ka ba shi ya sha, kaɗan kaɗan, a kai a kai. In ka ga gumi ya ɗauke alhali jikinsa na ƙuna, ko yana tangaɗi, ko hakinsa ya ƙi sauka, magana ta yi nisa, a aika wa likitan dabbobi nan take, ana ci gaba da zuba ruwa.

A tseren dogon zango na FEI, wanda kan kai kilometir 160 cikin yini guda, ana tsayar da dawaki a hanya likitoci su duba su. Dokin da bugun zuciyarsa bai sauko zuwa 64 a minti ba cikin lokacin da aka yanka, an fitar da shi. Har bayan an gama ana sake dubawa, kuma wanda ya zo na ɗaya da doki mai ɗingishi ba ya samun kome. Wannan doka ta yi mana daidai. Doki ba ya magana, kuma dokin ƙwarai zai yi ta gudu har ya faɗi. Agogo guda da mutum guda mai gaskiya sun isa a hana shi zagaye na biyu in bai huce ba. Masu shirya sukuwar bazara kuma su mai da ita sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Linzami, ƙaimi da bulala

Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani, ɗan motsin yatsa ya isa. A hannun mai neman a yi masa guɗa, wuƙa ce. Kowa yana son ganin zamiya, doki ya taho a guje ya tsaya cik gaban sarki, ƙura ta tashi. Amma zamiyar da ta ƙare da jini a bakin doki ba gwaninta ba ce, shaida ce mahayin bai hore shi a gida ba, ya zo yana fizga a bainar jama'a. Haka ƙaimi mai tsini, da likkafar da aka wasa gefenta. A wasan takun doki na FEI, da alƙali ya ga sabon jini a jikin doki, wasan mahayin ya ƙare nan take. Kada ka raina ƙaramin rauni: doki yana cikin bisashen da ciwon tetanos, mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, ya fi saurin kamawa, kuma ta irin wannan huda yake shiga. Akwai allurar rigakafinsa, ka tambaya a ma'aikatar kiwo.

Bulala kuwa, ƙasashen da tsere ya zama babbar sana'a sun kai ga ƙidaya ta. A Ingila, tun 2023, mahayi ba ya wuce bugu 6 a tseren fili, ko 7 a tseren tsallake shinge, kuma in ya ƙara 4 bisa ƙa'ida ana ƙwace nasarar dokin. A Faransa an rage zuwa bugu 4 a wannan shekarar. Girman suna ma ba ya ceton mai laifi. Charlotte Dujardin ta Ingila, mai lambar zinariya 3 a Olimfik, ta janye daga wasannin Paris na 2024 bayan an ga hoton bidiyo tana zabga wa doki bulala wurin horo, aka kuma dakatar da ita shekara guda.

A namu fili ga abin da ya kamata kowa ya yarda da shi: ba a dukan doki a kai ko a ido, ba a dukan dokin da ya riga ya gaji ko ya riga ya kai, ba a huce haushin faɗuwa a kansa bayan tsere. Wanda ya kai wa dokin wani bulala, ko ya kaɗa ta a fuskarsa don ya tsorata, wannan ya fita daga wasa.

Ƙwaya

Gajeriyar magana ce. Tramol da ire-irensa ba su ƙara wa doki ƙarfi, ɓoye masa ciwo da gajiya suke yi, har ya taka ƙafar da ta tsage ta ƙarasa karyewa da yaro a bisa. A manyan filayen tsere ana ɗibar fitsari da jinin doki a auna, kuma har sinadarin da ke cikin goro da kafe yana cikin abin da ake nema. A dokar FEI, mahayi ne ke ɗaukar laifi in an sami ƙwaya a jikin dokinsa, ba ya kuɓuta da cewa wani ne ya ba shi. Mu ba mu da wurin awo a kowane gari, amma mun san juna. Dokin da ba ya iya gudu sai da magani, mara lafiya ne.

Yara da kuru

Ƙaramin doki, wanda muke kira kuru, yana da nasa aji a wasannin duniya. Ana auna tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙashin da ke tsakanin wuya da baya. In bai wuce santimetir 148 ba, ba tare da takalmin ƙarfe ba, kuru ne, kuma yara ƴan shekara 12 zuwa 16 ke hawansa a gasarsu. Hikimar a fili take: ƙarami da ƙarami, babba da babba. Sanda guda da aka yi wa alama ta isa a raba aji a filinmu, a daina zuba kuru da ingarma a layi ɗaya, a daina kuma rigimar wane ya fi wane tsawo.

Mun san dalilin da ya sa masu dawaki ke son yara su hau musu: ba su da nauyi. Amma rashin nauyi ba shi ne iya riƙe ingarma ba. Kafin ka ɗora ɗan wani bisa dokinka, ka nemi yardar uwayensa, ka tabbata ya saba da wannan dokin tun a kilisa, ba yau suka haɗu ba. Kada a ɗaure yaro ga sirdi ko a ɗaure ƙafarsa ga likkafa. In doki ya faɗi, gara yaron ya rabu da shi. Tun 2021 FEI ta wajabta hular kwano, wadda muke kira kaske, ga duk wanda ke bisa doki a filin wasanninta, babba da yaro. Rawani ado ne na hawa, ba mu ce a tuɓe shi gaban sarki ba. Amma yaron da za shi tsere, a sa masa kaske daidai kansa, a ɗaure igiyar ƙarƙashin haɓa. Kuɗinsa bai kai na jalala ba.

Cikin fili

Ka iso da wuri, ka kafa turkenka inda aka nuna maka. Ingarma nesa da goɗiya, ingarma nesa da ingarma. A ƙasashe da yawa ana ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar doki mai harbi don kowa ya ba shi wuri. Tsumma ja ba ya wuya a gidan kowa, kuma ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka san halin dokinka ka yi shiru. A jere, ka bar tsawon doki guda tsakaninka da na gabanka. Wurin motsa dawaki kafin tsere, in kun yi gaba da gaba da wani, kowa ya kauce dama, ku wuce hagu da hagu. In duka an san wannan, ba a karo.

A layin tashi, ka jira alama. Wanda ya yi riga-malam-masallaci a komo da shi, in ya sake a fitar da shi. Da an tashi, ka riƙe hanyarka. Ba ka yanke gaban wani sai ka wuce shi sarai, ba ka matse shi ga jama'a ko ga turakun kwana, ba ka kama linzaminsa ko rigarsa. In wani ya faɗi gabanka, kauce masa ya fi kyautar daraja, ko da za ka zo na ƙarshe.

Ƴan kallo kuma haƙƙinsu yana wuyanka, ko da su ne suka matso. Mun san halin taro: da ƙura ta taso, yara sai su kutsa, masu ɗaukar hoto da waya su shiga tsakiyar hanya, masu moto su biyo dawaki da hon. Doki a guje ba ya tsayawa kamar keke. Kada ka saki linzami sai ka ga hanya ta buɗe har ƙarshe, kuma bayan wurin tsayawa akwai filin da dawaki za su rage gudu. Sukuwa cikin lungun gari, ko kan hanyar kasuwa da ta rijiya wurin komawa gida, ba ta cikin wasa. Masu bindigar gargajiya su tsaya wuri guda da kowa ya sani, kada a harba kusa da dokin da yaro ke bisa.

Alƙalai da ƙara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku dattawa masu riƙon fili, ku zauna tun ana saura kwanaki, ku yanke tsawon zango, da yawan zagaye, da ajin dawaki, da abin da ke fitar da mutum, da abin da na ɗaya da na biyu da na uku za su samu. Ranar wasa mai shela ya faɗe su da ƙarfi gaban kowa kafin a ɗaura sirdi. Alƙalai su zama uku, daga garuruwa dabam dabam, kuma kada a sa wanda ke da doki cikin tseren, ko ɗan'uwansa, ko wanda ya zuba kuɗi a kai. Ɗaya a wurin tashi bai isa ba, a sa mutum a kowace kwana. Ku tanadi tanon ruwa da inuwa, da igiya ko turaku tsakanin jama'a da hanya, da amalanke ko mota ta ɗaukar wanda ya ji ciwo. Ku gayyaci likitan dabbobi, ku kuma ba shi ikon cewa wannan doki ba ya hawa, ko na wane ne.

Kai kuma mahayi, in kana ganin an cuce ka, akwai hanya. A dokar FEI ana kai ƙara a rubuce cikin minti 30 bayan an faɗi sakamako, tare da ajiye kuɗin jingina, don kada kowa ya tashi da ƙorafin banza. A wurinmu ma a yanka lokaci. Ka sauka daga doki tukuna, ka miƙa shi ga yaronka ya shayar da shi, sa'an nan ka je wurin alƙalai kai kaɗai ko da shaida guda, ba da zugar garinku ba. In sun yanke, ta zauna. Wanda ya ci, ya je ya gai da na biyu. Makaɗa da maroƙa su yabi doki yadda suka ga dama, amma mai doki ya hana su zambo ga waɗanda aka kayar, don daga nan yawancin faɗa ke tashi.

Bayan an watse

Kada ka kama hanyar gida da doki yana haki. Ka bari ya huce, ya sha, ya ci harawa, hatsi sai daga baya. Ka duba bakinsa, da haƙarƙarinsa, da bayansa, ka ɗaga kofato ɗaya ɗaya ka cire tsakuwa ko ƙaya. Rauni a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a cusa masa ƙasa ko kashin shanu. Washegari ka shafa ƙafafunsa, in wata ta yi zafi ko ta kumbura, hutu ne da ruwan sanyi har likita ya gani.

In kun isa gida, ka kafa masa turke dabam, nesa da jakuna da sauran dawaki, da bokitinsa shi kaɗai, har kwana 14. In ya soma tari, ko majina, ko ya ƙi abinci cikin waɗannan kwanaki, ka sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa, ka kuma aika wa waɗanda kuka yi turke kusa da juna a wurin taron.